Fashin baƙi: Ba takarda ba tawada, to me ya sa ƙamus ɗin intanet wani lokacin yake fin na takarda tsada?

Tambayar nan tana yawan dawowa duk sanda aka buɗe zangon karatu, ko wani ya shiga shafin kamfanin ɗab'i zai sayi ƙamus ko babban littafin likitanci, wai ya aka yi littafin da ba a buga shi a takarda ba, ba a ɗinke shi ba, ba a loda shi a mota ba, ba a biya masa kuɗin sito ba, amma kuɗinsa ya zo kusan ɗaya da na takarda, wani sa'in ma ya ninka shi? Mutum zai ga an rage masa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba sai ya ce ai wannan cuta ce tsagwaronta, fayil ne fa kawai. Ma'aikatan laburare kuwa nasu kukan ya fi na kowa, don su kuɗin da ake yanka musu na kwafin intanet yakan ninka na takarda nesa ba kusa ba, kuma shekara na zagayowa a sake miƙo musu takardar biya.

Abin da ya ƙara rikita lissafin shi ne a gefe guda ga Wikipedia nan kyauta, ga manyan ƙamusoshin Turanci kana buɗewa a waya ko sisi ba ka biya ba. Kenan abu ɗaya ya zama na banza a nan, ya zama sai wane da wane a can. Toh bari mu bi abin a hankali.

Wane irin littafi ake magana a kai

Littattafan da ba a karanta su daga bango zuwa bango nake nufi, waɗanda ake buɗewa a duba abu ɗaya a rufe. Ƙamus, insakulofidiya wato kundin ilimi, littafin taswirori, kundin dokoki da hukunce-hukuncen kotu, jagoran magunguna da likita yake leƙawa kafin ya rubuta adadin ƙwaya, da irin teburan lissafin da injiniyoyi ke aiki da su. Zan riƙa ce musu littattafan dubawa don sauƙi. Sun bambanta da littafin labari ta wajen cewa ba mutum ɗaya yake rubuta su ba, ɗaruruwa ne wani lokacin dubbai, kuma suna tsufa, sannan mafi yawan masu sayen manyan cikinsu makarantu ne da asibitoci da ofisoshin lauyoyi, ba ni da kai ba.

Shi ma "na intanet" ɗin ba abu ɗaya ba ne. Akwai fayil irin PDF da za ka sauke ya zauna a wayarka, akwai manhaja, akwai kuma rumbun bayanai da yake zaune a sabar kamfani, wato babbar kwamfutarsa, kai dai shiga kake da fasuwod ka duba ka fito. Manyan littattafan dubawa yanzu kusan duk sun koma na ukun nan, kuma a nan tsadar take.

Takardar ba ita ce ke cin kuɗin ba

Kuskuren farko da muke yi shi ne ɗauka cewa in littafi yana da kauri da nauyi to kuɗinsa na takarda ne. A 2010 jaridar New York Times ta yi wani lissafi a kan littafi mai bango mai tauri da ake sayarwa dala 26 a Amurka, ta ce abin da kamfani yake kashewa wajen bugawa da ajiya da jigila bai wuce kusan dala 3.25 ba. Kaga kashi ɗaya cikin takwas kenan. Rabin kuɗin ma mai shago ne yake ɗauka, sauran a raba tsakanin marubuci da editoci da talla da ribar kamfani. Wannan lissafin littafin karatu ne na yau da kullum, amma ya isa ya nuna maka cewa ko an cire takarda gaba ɗaya ragin da za a samu ba shi ne rabin da muke tsammani ba.

A littafin dubawa abin ya fi tsanani, saboda kuɗin haɗa kwafin farko shi ne dutsen. Ɗauki babban ƙamus ɗin Turanci na Oxford, wanda ake kira OED a taƙaice. An fara maganar yin sa a 1857, James Murray ya karɓi aikin edita a 1879 ana ganin shekara goma za a gama, sai ga shi kashin farko da ya fito a 1884 ko harafin A bai ƙare ba, ya tsaya ne a kalmar ant. Sai 1928 aka kammala, Murray ɗin ma ya riga ya rasu tun 1915. Bugu na biyu ya fito a 1989 cikin mujalladi 20, aka ɗora shi a intanet a shekarar 2000, kuma har yau akwai mutanen da aikinsu kenan kullum, bin kalma ɗaya-ɗaya suna gyara ma'ana suna neman inda aka fara amfani da ita, duk wata uku a saki sabon gyara. Albashin waɗannan mutanen ba ruwansa da ko a takarda ka karanta ko a waya.

Bari in ba da misali da lissafi, misali ne kawai ba alƙaluman wani kamfani ba. A ce an kashe dala miliyan 2 wajen haɗa wani kundi. In mutum 20,000 za su saya, kowa dala 100 ta hau kansa tun kafin a sayi fallen takarda ɗaya. In kuwa kundin na wani fanni ne mai ƙunci wanda laburare 2,000 ne kawai a duniya za su saya, kowanne dala 1,000 kenan. Shi ya sa za ka ga kundin ilimin sinadarai ko na shari'a yana da kuɗin da zai sa ka riƙe baki, alhali wani ƙamus ɗin ɗalibai mai kauri ɗaya da shi yana da araha.

Wani abin dariya, tun kafin kwamfuta kamfanoni suna neman hanyar rage takarda. A 1971 Oxford sun ƙanƙance shafukan wancan ƙamus ɗin, shafi huɗu a fuska ɗaya, suka matse shi cikin mujalladi biyu a akwati, a saman akwatin akwai wata 'yar durowa, ka ja ta sai ka tarar da gilashin ƙara girman rubutu a ciki, don in ba da shi ba idonka ba zai iya ba. Kuma ya sayu sosai.

Shi ma na intanet yana da nasa kashe-kashen da ba a gani, saba da masu kula da ita, injin bincike, tsaro, sauya tsarin rubutun gaba ɗaya yadda kwamfuta za ta gane wannan kalma ce wannan ma'ana ce wannan misali ne. Na takarda in an buga an sayar an rabu kenan, wannan kuwa kullum yana kan wuyan kamfani.

Amma fa intanet ya taɓa karya farashi warwas

Kar a ce na zama lauyan kamfanoni, don labarin kundin ilimin nan Britannica yana nan. An fara buga shi a Edinbura ta Sikotland a 1768, kuma a 1990 sun sayar da saiti kusan 120,000 a shekara ɗaya, mafi yawa ta hannun 'yan talla masu bi gida-gida suna ƙwanƙwasa ƙofa, suna nuna wa iyaye cewa in kuna son ɗanku ya yi ilimi ga hanya, a biya kaɗan-kaɗan. Kamashon waɗannan 'yan tallan babban kaso ne na kuɗin. Sai Microsoft ta fito da nata kundin mai suna Encarta a faifan CD a 1993, da farko kusan dala 400, ba a jima ba ta sauke shi zuwa dala 99, daga baya ma kyauta ake haɗa wa mutum in ya sayi kwamfuta. Encarta bai kama ƙafar Britannica a zurfi ba, amma iyayen da ke sayen saiti don yaro ya yi aikin gida sun ga kwamfutar ta biya musu wannan buƙatar. Britannica suka fito da nasu faifan da tsada sosai don kar su kashe kasuwar na takarda, bai yi ba, a 1996 aka sayar da kamfanin aka sallami 'yan tallan gida-gida.

Sai Wikipedia ta zo a 2001 ta cinye Encarta ɗin shi ma, aka rufe shi a 2009. A watan Maris na 2012 Britannica suka sanar sun daina bugawa bayan shekara 244. Bugun ƙarshe na 2010 ne, mujalladi 32, nauyinsa ya kusa kilo 60, kuɗinsa dala 1,395, kuma cikin saiti 12,000 da aka buga kusan 4,000 suna jibge a sito lokacin sanarwar. Kundin Brockhaus na Jamus shi ma haka ya bi bayan shekara biyu.

Abin lura a nan shi ne kasuwar ta rabu biyu. Duk bayanin da ake iya samun madadinsa, ma'anar kalma, babban birnin wata ƙasa, shekarar da aka yi wani yaƙi, farashinsa ya faɗo ƙasa har ya zama kyauta, wani ne yake biya a bayan fage, ko mai talla ko masu ba da gudummawa. Wanda kuma ba shi da madadi, wanda likita ko lauya ko mai bincike ba zai iya aiki ba sai da shi, nasa farashin sama ya yi. Ba wai haɗa shi ya fi wahala a intanet ba ne, mai shi ya san ba ka da inda za ka je.

Saye ne ko haya

Nan ne zuciyar maganar a ganina. In ka sayi ƙamus na takarda ya zama naka, ka ara wa wanda ka so, ka sayar da shi gwanjo, ka bar wa 'ya'yanka gado, kamfani ba shi da ta cewa. A dokar Amurka wannan ƙa'ida ta samo asali tun wani hukuncin Kotun Ƙoli na 1908, cewa ikon mai littafi a kan kwafi yana ƙarewa da zarar ya sayar da shi karon farko. An sake gwada ta a 2013, a shari'ar da kamfanin ɗab'i na Wiley ya shigar a kan wani ɗalibi ɗan Tailan mai suna Supap Kirtsaeng, wanda 'yan uwansa suke saya masa littattafan karatu masu araha da aka buga don kasuwar Asiya suna aiko masa Amurka yana sayarwa a kasuwar intanet ta eBay yana cin riba. Kotun Ƙoli ta ce yaron bai yi laifi ba, ya saya, nasa ne.

Na intanet kuwa, ko da maɓallin da ka danna an rubuta "saya" a jikinsa, lasisi ka karɓa, wato izinin karantawa bisa sharuɗɗan da ke cikin dogon rubutun nan da ba wanda yake karantawa kafin ya danna ya amince. A watan Disamba na 2019 kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a shari'ar wani kamfanin Holan mai suna Tom Kabinet cewa ba a sayar da littafin intanet na hannu ba tare da izinin mai shi ba. A 2009 Amazon ta shiga na'urorin karanta littafi na Kindle da ke hannun mutane daga nesa ta goge wasu littattafan George Orwell da suka riga suka biya, saboda wanda ya ɗora su ba shi da haƙƙi, ta mayar da kuɗi ta ba da haƙuri amma dai an ga abin da za ta iya. A 2019 Microsoft ta rufe shagonta na littattafai, littattafan da mutane suka saya suka daina buɗuwa, aka mayar musu da kuɗinsu. Abin ya kai jihar Kalifoniya ta yi doka da ta fara aiki a farkon 2025, wadda ta ce in lasisi kake bayarwa to ka faɗa wa mai saye ƙarara.

Ni kaina na taɓa biyan kuɗin wani ƙamus a waya, biya ɗaya aka ce har abada, na yi shekara biyu ina jin daɗinsa, ran da na canza waya na je in sake saukewa sai na tarar an janye manhajar an kawo wata sabuwa mai tambari iri ɗaya wadda ake biya duk wata. Na nemi tsohon rasit a imel na samu, na tura musu, har yau ina jiran amsa.

Toh kaga in ka ajiye farashin na takarda kusa da na intanet kana gwadawa, kuɗin sayen gida kake gwadawa da kuɗin haya. Kuma rashin kasuwar gwanjo yana cire wani birki, don na takarda in kamfani ya tsawwala sai mutane su koma sayen bugun bara a hannun wanda ya gama da shi, a intanet babu bugun bara, an goge shi.

Me ya sa laburare yake biyan ninki

Lissafin kamfani shi ne, a da jami'a mai rassa biyar sai ta sayi saiti biyar, in ya yage ko an sace ta sake saye, in sabon bugu ya fito ta sake saye. Yanzu kwafi ɗaya zai iya wadatar da ɗalibai dubu talatin a lokaci guda, daga ɗakin kwanansu, ba ya yagewa ba ya ɓata. In suka sayar da shi a kuɗin kwafi ɗaya sun kashe kansu. Shi ya sa suke yanka farashi da yawan ɗaliban makaranta, babbar jami'a ta biya da yawa ƙarama ta biya kaɗan a kan abu ɗaya, ko kuma da yawan waɗanda za su iya buɗewa lokaci guda, lasisin mutum ɗaya, na mutum uku, ko marar iyaka, kowanne da kuɗinsa.

Ka kwatanta ɗaliba ƙarfe ɗayan dare gobe jarrabawa, ta shiga shafin laburare da lambarta, ta nemo kundin, ta danna, sai allo ya rubuto mata cewa wani yana amfani da kwafin ta sake gwadawa an jima. Fayil ne fa, ba abin da zai hana mutum dubu su buɗe shi, amma an gina masa layi da gangan saboda makarantar lasisin mutum ɗaya ta iya biya. In ta samu shiga kuma ta ce bari ta sauke babin ta karanta ba data, sai a ce shafi kaza kawai aka yarda.

Akwai kuma ƙirƙirarren tsufa, wanda kamfanin ɗab'i na HarperCollins ya fito da shi fili a 2011, ya ce littafin intanet da laburare ya saya in an ara sau 26 lasisin ya ƙare sai a sake biya, wai kwatankwacin lokacin da na takarda zai yage kenan. Ma'aikatan laburare suka riƙa nuna littattafan da aka ara fiye da haka nesa kuma suna nan garau. Lokacin korona a 2020 da aka rufe gine-gine kowa ya koma intanet, ma'aikatan laburaren jami'o'in Birtaniya suka tayar da gangami mai suna ebookSOS suna neman hukuma ta binciki farashin. A 2022 kuma Wiley ta janye littattafai sama da 1,300 daga wani ƙunshi da jami'o'i suke biya, ana dab da fara zango malamai sun riga sun sa su a jerin karatu, sai da aka yi ca sannan ta mayar na wani lokaci.

Maganar ƙunshi ma wani abu ne. Sau da yawa ba za a sayar maka da kundin da kake so shi kaɗai ba, sai a ɗaure shi cikin dami da wasu ɗari da ba ka nema ba, a ce ai in ka raba kuɗin kowanne ya faɗo araha. Gaskiya ne a lissafi, amma kuɗin da ya fita daga asusunka ya ƙaru. Kuma da yawa daga cikin yarjejeniyoyin nan akwai sharaɗin kar a faɗi farashi, don haka wannan makaranta ba ta san nawa waccan ta biya ba. Abin da makarantu suke yi shi ne haɗa kai su yi ciniki a ƙungiyance, sannan akwai shirin Research4Life, wanda ya faro da Hinari na Hukumar Lafiya ta Duniya a 2002, da yake ba cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi damar shiga kyauta ko da rangwame.

Haraji da 'yan tsakiya

Wani lokacin ma ba laifin kamfani ba ne. A Birtaniya littafin takarda ba a sa masa harajin VAT, amma na intanet a da ana ɗora masa kashi 20 cikin ɗari saboda doka ta ɗauke shi hidima ce ba littafi ba, sai ranar 1 ga Mayu 2020 aka cire. Tarayyar Turai ita ma sai 2018 ta ba ƙasashenta damar daidaita harajin biyun. Sannan shagon intanet ɗin da ka saya a ciki yana yankar nasa kaso kamar yadda mai shagon littattafai yake yi. Akwai kuma tsoron kamfanoni na kar mutane su saba da araha, wanda shi ya jawo shari'ar da gwamnatin Amurka ta shigar a 2012 a kan Apple da manyan kamfanonin ɗab'i biyar bisa haɗa baki a ɗaga farashin da Amazon ta sauke zuwa dala 9.99, ƙarshe Apple ta biya dala miliyan 450.

Wa ke da gaskiya

Kamfanoni suna da gaskiya a kan cewa aikin yana da tsada kuma ba ya ƙarewa, kuma abin da kake samu a intanet ya fi, ka rubuta kalma cikin daƙiƙa ta fito maimakon jan mujalladi 20, ga sauti ga gyaran da aka yi jiya. A fannin magani wannan ba ƙaramin abu ba ne, jagoran da ya shekara biyar a kanta yana iya ɗauke da adadin da aka riga aka canza. Inda ban yarda da su ba shi ne layin da ake ƙirƙira, da ɓoye farashi, da hana makaranta mallakar abin da ta shekara goma tana biya. Laburaren da ya sayi saiti a 1989 yana da shi har gobe ko kasafinsa ya ƙare, wanda yake biyan shekara-shekara ran da ya kasa biya allo ne fari zai gani, duk abin da ya biya a baya ya tafi.

Abin da ya shafe ka in za ka saya

Ka fara tambayar kanka bayanin nan yana saurin tsufa ko a'a. Magani, haraji, doka, alƙaluman ƙasashe, waɗannan biyan shekara-shekara yana da ma'ana. Ƙamus ɗin wani harshe na da, nahawu, kundin tarihi, taswirar jikin mutum, bugun shekara goma baya zai yi maka aiki, kuma na hannu ya fi komai araha. Sai ka yi lissafi da shekaru, misali na takarda 150 biya ɗaya, na intanet 40 duk shekara, a shekara ta huɗu ka biya 160 kuma ba ka da abin sayarwa. In wata shida kawai kake buƙatarsa don wani kwas, hayar ta fi. Kafin ka biya ka duba ko makarantarka ko laburaren da kake da rajista sun riga sun biya, mutane da yawa suna sayen abin da suke da shi kyauta ba su sani ba. Ka duba kuma ko yana buɗuwa ba netwok, ko a na'ura nawa aka yarda, da abin da zai rage a hannunka ran da ka daina biya.

Na kyautan ma ba shi da tabbas. Kamfanin ɗab'i na Macmillan sun sanar a ƙarshen 2012 cewa sun daina buga ƙamusoshinsu na masu koyon Turanci, komai ya koma intanet kyauta, aka yi ta yabon su cewa sun hango gaba. Malamai a ƙasashe da yawa suka riƙa tura ɗalibai can suna sa adireshin a takardun darasi. Ranar 30 ga Yuni 2023 aka rufe shafin, sai waɗanda suka ajiye tsohon jan ƙamus ɗin nan na takarda a kanta ne suke iya buɗe shi yanzu.